Ba A Ce Wa Goggo A'a

Griffith, farkon Yuli

Zuwa ga ɗana Manase,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Seini da yara. Yaya babanka da ciwon gwiwa? Ka ce masa ni Kalolaine na ce ya rage naman gwangwani, ba sai na zo Sydney na ƙwace cokalin ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Mijina Lopeti yana gonar lemu, kullum yana dawowa hannuwa a tsattsage, amma bakinsa bai mutu ba.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da kai tun bikinka, ranar da aka ɗora mini hawan kek na sama a cinya, kamar yadda al'adarmu take girmama goggo. Ni da babanka a kakanni muka haɗu, amma da yake Allah bai ba shi 'yar'uwa mace ba, ni ce goggonka, ni kuma na raɗa maka suna. An ce zumunci a ƙafa yake. Tawa ƙafar ta gaji da tsayuwa a wurin aiki, sai ka karɓe shi a takarda. Waya ba na son ta a irin wannan magana, don bangon gidanmu siriri ne, maƙwabciyata kuma 'yar cocinmu ce.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san na yi fiye da shekara ashirin ina nas a asibitinmu na can gida, a tsibiran Ha'apai. A nan kuwa an ce ba za a yi mini rajistar nas ba sai na ci jarrabawar Turanci ta ma'aikatan jinya. Sauran sharuɗɗan duk na cika. Shi ya sa nake aikin mataimakiya a gidan kula da tsofaffi, in yi musu wanka, in ba su abinci, in canza zanin gado. Ko maganin ciwon kai ba ni da ikon miƙa wa kowa. Sau uku ina zama jarrabawar. Saurare da karatu da magana duk ina hayewa, rubutun wasiƙa ne yake kayar da ni. Mun yi alkawari da Lopeti cewa ta Nuwamba ce ta ƙarshe. In na sake faɗuwa na haƙura, in ƙarasa kwanakin aikina ina mataimakiya.

Akwai wata tsohuwar malamar makaranta, Malama Rosetta, da nake biya tana koya mini kowace Laraba. Wata abokiyar aikina ta ce duk abin da mutum ya kashe a karatun aiki ana cire masa daga haraji, kuɗi su dawo. Ga rasit ɗin nan duka na haɗo maka. Tunda kai ne mai lasisin cika wa mutane takardar haraji, ka cika mini tawa, ka sa kuɗin darasin.

Allah ya yi maka albarka.
Goggonka, Kalolaine

Granville, Sydney, tsakiyar Yuli

Zuwa ga Goggo Kalolaine, ranki ya daɗe,

Na karɓi takardarki da hannu biyu. Da na ga sunanki a bayan ambulan sai da na miƙe tsaye kafin na buɗe, har Seini tana yi mini dariya. Mu duka lafiya. Na isar wa Baba da saƙonki, ya ce ya ji, amma gwangwanin da ya riga ya buɗe ba zai zubar ba. Ina gaida Baba Lopeti da aiki, Allah ya sa lemun bana ya yi albarka.

Goggo, girman da kika ba ni ya fi ƙarfina. Akwai masu wannan aiki a Griffith, amma kika tsallake su kika nemi ɗanki. Na gode. Sai da na yi ƙwalla da na karanta cewa hannun da ya karɓi haihuwar rabin mutanen Ha'apai shi ne yau aka hana miƙa ƙwayar magani.

Game da kuɗin darasi, abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba. Doka ta yarda a cire kuɗin karatu daga haraji, matuƙar karatun na aikin da mutum yake kai ne. Kuma wa ya kai Goggo cancanta? Sai dai su mutanen ofishin haraji suna da tasu hanyar kallon abu, wadda ba kullum take zuwa daidai da tamu ba. Zan zauna in duba da kyau, in yi duk abin da yake cikin ikona. Abin da ya halatta ya dawo wa Goggo, ko sisi ba zan bar musu ba. Kafin nan, da Goggo za ta ɗan riƙe hannu wajen kashe kuɗi, da ba laifi.

Ki sa mu a addu'a.
Ɗanki mai biyayya, Manase

Griffith, farkon Agusta

Ɗana Manase,

Ina gaishe ka, ina gaida gidanka gaba ɗaya. Mura ta ɗan taɓa ni amma ta sake ni. Lopeti lafiyarsa ƙalau.

Madalla da kai! Ban yi asarar suna ba. Takardarka a tebur na karanta ta da ƙarfi muna cin abinci. Da na gama sai Lopeti ya ajiye doyar da ke hannunsa ya ce, "To, yaron nan e ya ce ko a'a?"

Na ce, "Kunnenka ya toshe ne? Ya ce ko sisi ba zai bar musu ba."

Ya ce, "Ni dai na ji gaisuwa da yawa, ban ji amsa ba."

Na ce, "Kai dai ci doyarka. Maganar 'yan boko ce, ba ta masu tsinkar lemu ba."

Ka ga irin mutumin da nake zaune da shi. Ni na san ɗana ba zai ba ni kunya ba.

Tunda kuɗin za su dawo, na yi dabara. Kuɗin rajistar jarrabawa da na ɓoye a gwangwanin biskit na fito da su na ƙara darasi. Yanzu Laraba da Juma'a nake zuwa wurin Malama Rosetta, na ma biya ta har ƙarshen Oktoba. In na haraji suka shigo sai in biya rajistar da su, tunda ba a rufewa sai tsakiyar Oktoba. Na ga inda ka ce in riƙe hannu, na ji, na daina sayen shayi a wurin aiki.

Matasan cocinmu za su zo Sydney wasan waƙa ranar Asabar. Na ba direbansu kwalin lemu da ƙunshin ganyen gwaza da na dafa da kwakwa, ka je ka karɓa. Na babanka na sa masa kifi, ba naman gwangwani ba, kada ka gaya masa sai ya ci.

Na gode, na gode. Allah ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mini.
Goggonka

Granville, tsakiyar Agusta

Goggo, ranki ya daɗe,

Muna lafiya, kuma saƙo ya iso, mun gode ƙwarai. Amma ni ban iya cin lemun ba, saboda abin da na karanta a takardarki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba Lopeti ne ya ji daidai. Amsar a'a ce. Kuɗin darasin Malama Rosetta ba za su fita daga harajinki ba, kuma ba zan sa su a takardar ba.

Ga dalili. Doka tana cire wa mutum kuɗin karatun da zai ƙara masa ƙwarewa a aikin da ake biyansa a kai yanzu. Karatun da zai buɗe masa ƙofar sabon aiki kuwa ba a cirewa. A takardar albashinki ke mataimakiya ce. Jarrabawar nan kuma don ki zama nas kike yin ta. To, a wurinsu aikin nas sabon aiki ne gare ki. Kuɗin rajistar jarrabawar ma haka yake. Idan na sa, wataƙila su biya da farko, amma ranar da suka waiwayo sai ki mayar har da tara, sunanki kuma ya ɓaci a daidai lokacin da kike neman rajistar nas.

Abin da ya halatta shi ne wankin kayan aikinki, da takalmin da ba ya santsi, da kuɗin ƙungiyar ma'aikata. Waɗannan na sa. Abin da zai dawo bai kai rabin kuɗin rajistar ba.

Tun ranar da na buɗe ambulan ɗinki na san wannan amsa. Na zauna zan rubuta, hannuna ya ƙi. Tun ina yaro aka koya mini cewa in goggo ta shigo gida ta nuna abu, nata ne. Ban taɓa jin wanda ya dubi 'yar'uwar ubansa ya ce mata a'a ba. Sai na yi ta kewaye-kewaye ina fatan za ki gane, ga shi kewayen nawa ya cinye miki kuɗin jarrabawa.

Ki yafe mini.
Ɗanki, Manase

Granville, ƙarshen Satumba

Goggo, ranki ya daɗe,

Ina fatan kina lafiya, ke da Baba Lopeti. Mu nan jiki lafiya, hankali ne ba a kwance ba. Tun watan jiya nake leƙa akwatin wasiƙu, shiru. Na buga waya sau biyu, Baba Lopeti ya ce kin fita. Na san shiru ma magana ce.

Na gaya wa Baba abin da ya faru. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ɗaga sandarsa ya ce, "Kai! Kalolaine ka ce wa a'a? A takarda? Da hannunka?" Na ce doka ce. Ya ce, "Dokar ce ta raɗa maka suna? Ka rubuta mata abinta mana, wa zai duba?" Na ce in an duba ita za a kama. Ya ce, "To ka biya daga aljihunka, sakarai, ka ce daga haraji ne." Wannan ma ban iya ba, don na riga na yi miki rufa-rufa sau ɗaya, na ga inda ta kai mu.

Saboda haka a fili nake roƙo. An kusa rufe rajistar jarrabawa. Ki bar ni in biya kuɗin, ni da Seini mun yi shawara. Ba taimako ba ne, hakkinki ne a kaina. In kuma fushi bai bar ki ki amsa mini ba, ki sa Baba Lopeti ya ce mini to, ya isa.

Ɗanki, Manase

Griffith, farkon Oktoba

Ɗana Manase,

Ina gaishe ka da iyali. Lafiyata ƙalau, in ban da baya da kafaɗu, za ka ji dalili.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba a'ar ce ta ƙona mini rai ba. Kalma biyu ne: sabon aiki. Ni Kalolaine, da na ɗinke ƙafar masunci a cikin kwalekwale ruwa yana dukanmu, ni ce aikin nas ya zama mini sabo? Ina sanye da farar riga tun babanka bai fara zuwa zance wurin uwarka ba. Ranar da takardarka ta zo na tafi aiki, ina tsaye riƙe da tawul wata yarinya sa'ar 'yata tana raba magani, sai na shiga ɗakin wanki na yi kuka na ƙoshi. 

Ran Laraba na tafi darasi da takardunka biyu a jaka, da niyyar in kai ƙararka. Na fassara wa Malama Rosetta su duka. Ta saurara, ta cire tabarau ta ce, "Kalo, wannan ta farkon ai ke kika rubuta ta."

Na ce, "Ni kuma? Ɗana ne."

Ta ce, "To jini ba ya ƙarya. Haka kike yi a jarrabawa. An ce ki rubuta wa likita cewa tsoho ya faɗi ya karya ƙugu, sai ki fara da fatan likita yana lafiya, ki gode masa da ƙoƙari, ki ba shi labarin kirkin tsohon. Kafin ki iso ƙugun, lokaci ya ƙare. Wata nawa ina gaya miki?"

Na ce, "Ai rashin kunya ne ka faɗa wa babban mutum magana ba sallama."

Ta ce, "To wacce ta cuce ki a cikin biyun nan, mai kunyar ko marar kunyar?"

Manase, sai na mayar da takardun jaka. Gaskiya ta sha faɗa mini, amma ina ɗauka rashin tarbiyyarsu ne na Turawa. Sai da aka yi mini irin rubutuna, na sha a jikina, sannan na gane abin da nake yi wa mai karantawa. Takardarka mai ladabi ta raba ni da kuɗina, mai ɗacin kuma ita ta hana sunana ɓaci. Laifin ma ba naka ne kai kaɗai ba, ni na ji abin da nake so in ji, na zubar da ruwan tuluna don na ga hadari.

Shirun da ka ji ba na gaba ba ne. Ba na gida da gaske. Duk ranar da ba ni da aiki ina bin Lopeti gonar lemu. Yana ta tsokanata wai, "Sannu 'yar boko, yau kin shigo cikin masu tsinkar lemu?" Da wannan, da ɗan abin da ka samo mini na wanki da takalmi, na biya rajista shekaranjiya. Na gode wa Seini, na gode maka, amma ku riƙe kuɗinku.

Sai dai ban sake ka ba. Ni goggonka ce, in na ga dama motarka ma sai in ɗauka, babanka ya raka ni da godiya. To ga abin da na nuna a gidanka. Darasin Malama Rosetta sau biyu ne a mako, ni kuwa kullum nake so in rubuta. Ga wasiƙun gwaji guda huɗu na Turanci na saka maka. Ka sayi jan biro. Duk inda na kewaya ka soke, duk inda na yi kuskure ka rubuta kuskure, ba ranki ya daɗe. A duk danginmu kai kaɗai ka taɓa ce mini a'a, don haka kai kaɗai na yarda da e ɗinka. Wannan umarni ne, kuma ka san ba a ce wa goggo a'a.

Ka ce wa babanka ya ajiye sandar nan kafin ya faɗi.
Goggonka

Granville, tsakiyar Oktoba

Goggo,

Muna lafiya. Da takardarki ta zo sai da na zauna a bakin ƙofa na karanta ta sau biyu. Na gode da kika yafe.

Na sayi jan biron. Ga wasiƙunki nan na dawo da su, kada ki tsorata da launinsu. Seini ta leƙo ta ga ina soke layi, ta dafe ƙirji ta ce, "Rubutun Goggo kake yi wa haka? Ni dai ba ruwana, ban gani ba."

Ta farko, layi shida na sama duk na soke. Likita bai tambayi yadda kika kwana ba. Ta biyu, kin ajiye maganar cewa matar ba ta jure wani magani sai a ƙarshe, bayan godiya. Wannan kuskure ne, a sama ya kamata ya zo. Ta uku, kin rubuta cewa wataƙila, in ba damuwa, da za a duba ciwon. Ke kin san ciwon ya ruɓe. Ki ce ya ruɓe, a duba shi yau. Ta huɗu ba ta da laifi sai kaɗan, kuma ba don ke goggota ce na faɗa ba.

Turancinki ba shi da matsala, Goggo. Ki rubuta yadda kike ba da umarni a ɗakin haihuwa in abu ya rikice, na san a can ba kya gaida kowa.

Ki turo wasu. Jan biron yana jira.
Ɗanki, Manase

Griffith, tsakiyar Disamba

Manase,

Na ci. Har da rubutun.

Ka ga na fara da abin da ya kawo ni. To yanzu bari in gaishe ka yadda ya kamata, don ba jarrabawa nake ba. Yaya kake, yaya Seini, yaya yara da hutun makaranta? Yaya babanka da gwiwa? Mu nan zafi ya shigo, inabi ya fara nuna, kowa lafiya.

A ɗakin jarrabawa hannuna ya fara rubuta fatan alheri ga likita da kansa. Sai na ga jan layinka a idona, na soke, na shiga maganar marar lafiya kai tsaye. Har na gama da sauran lokaci, na zauna ina kallon yara suna gumi.

Da sakamako ya fito Lopeti ya ce, "To, e suka ce ko a'a?" Na miƙa masa takardar na ce ya karanta da kansa. Ya juya baya wai wani abu ya faɗa masa a ido. Malama Rosetta na kai mata tabarma mai kyau daga cikin waɗanda na zo da su daga gida, ta ce ta yi yawa, na ce ba a mayar mini da kyauta. An ce rajistata za ta fito bayan sabuwar shekara, kuma gidan da nake aiki sun ce suna da gurbi.

Ɗana, na gode. Da ka bi maganar babanka ka faranta mini, da har yanzu ina riƙe da tawul. Ina alfahari da kai, ina alfahari da sunan da na ba ka. Wasiƙun nan masu jan biro na adana su tare da takardar shaidata ta Ha'apai.

Saura abu ɗaya. In Yuli ya zagayo zan sake turo maka rasit, ka cire abin da ya halatta, ka bar wanda bai halatta ba, ba sai ka tambaye ni ba. Amma wurin da ake rubuta sana'a, ka goge mataimakiya ka rubuta nas. In sun ce sabon aiki ne, kada ka yi musu gardama. Ni da kai mun san shekarunsa.

Goggonka,
Nas Kalolaine